Hoto da Awo: Tarihin Kalmomin Na'urorin Asibiti a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Yankin da ya haɗa Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwar Gano da Unguwa Uku, a cikin ƙaramar hukumar Tarauni, yana cikin wuraren da suka fi tara na'urorin binciken lafiya a jihar Kano, kuma abin da ya jawo haka shi ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke bakin titin Zariya, wanda jama'a suka taƙaita sunansa zuwa Asibitin Malam. An kafa asibitin a shekarar 1988, ya fara aiki a cikin harabar Asibitin Murtala da ke cikin birni, sannan ya tare a mazauninsa na dindindin a 1996. Tun daga wannan lokaci ɗakunan gwaje-gwaje masu zaman kansu da kantunan magani da shagunan kayan asibiti suka yi ta tsirowa a kewayensa, har wurin da a tsakiyar ƙarni na 20 yake mafi yawansa gonaki ne a bayan ganuwa ya zama mahaɗar marasa lafiya daga Jigawa da Katsina da Bauchi da Yobe, har ma daga Damagaram da Maraɗi. Duk wanda ya zo wannan yanki neman lafiya yana tafe ne tsakanin harsuna biyu, wato harshen takardar sakamako, wanda Ingilishi ne gauraye da Latin da taƙaitattun haruffa, da kuma harshen baka, wanda Hausa ce da majinyata da ma'aikatan jinya suka gina da kansu ba tare da wata hukuma ta tsara musu ba. Wannan Hausa ta baka ta tsayu a kan kalmomi biyu, hoto da awo, kuma tarihinsu shi ne tarihin yadda Bakano ya karɓi na'urar da ke ganin cikin jikinsa.

Kafin zuwan asibitin Turawa, masu magani a ƙasar Hausa ba su da wata hanyar ganin cikin jiki sai ido da hannu da tambaya. Maɗori, wato mai ɗorin ƙashi, yana bin gaɓa da yatsunsa har ya rarrabe karaya da tsagewa da gocewa da targaɗe, waɗanda duk kalmomi ne masu iyaka bayyananniya da har yau likitan ƙashi yake amfani da su ba tare da ya nemi wasu ba. Unguwarzoma tana gane kwanciyar ɗa a ciki da tafin hannunta, wanzami yana duba launin jinin da ƙaho ya jawo, malamai kuma suna da littattafan ɗibbu na Larabci, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna. Abin da babu a wannan tsari shi ne lamba. Awo sananne ne ƙwarai, amma na kasuwa ne: mudu da tiya da sa'i na hatsi, kamu da gaba da taki na tsawo, misƙali na zinariya. Ba a auna zafin jiki ko ƙarfin jini da adadi, sai dai a ce jiki ya yi zafi rau, ko a ce mutum ya ɗashe. Saboda haka lokacin da asibiti ya zo da sikeli da ma'aunin zafi, kalmar da ta riga ta san ma'auni da ciniki ita ce ta fi kusa, sai aka ɗauke ta daga hannun ma'auna aka kai ta ɗakin likita.

Hoto kuwa baƙuwar kalma ce da ta shigo tare da kyamarar Turawa, kuma ba ta daɗe da zama ba aka ɗora mata wani nauyi. A ranar 8 ga Nuwamba 1895 wani masanin kimiyya Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano a garin Würzburg wani irin haske da ido ba ya gani, wanda ke ratsa tsoka amma ƙashi ya tare mafi yawansa, kuma da yake bai san haƙiƙaninsa ba sai ya laƙaba masa harafin X, wanda masu lissafi ke bai wa abin da ba a sani ba. Daga wannan harafi ne sunan eksire ya samo asali, kuma binciken ne ya ba shi kyautar Nobel ta farko a kimiyyar fiziks a 1901. Hikimar na'urar ita ce kowane sashe na jiki yana shanye hasken gwargwadon kaurinsa, don haka ƙashi ke fitowa fari a kan fim, iskar huhu ta fito baƙa, tsoka da ruwa kuma su tsaya a tsakani. Na'urar ba ta aiki sai da lantarki, kuma wannan ne ya ƙayyade inda za ta iya zama. Hukumar En'e ta Kano ta buɗe Asibitin Birni, wanda bayan 1976 ya koma Asibitin Murtala, a ƙarshen shekarun 1920 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aikin ruwan famfo da lantarki na Challawa kuma ya biyo baya a farkon shekarun 1930. Cututtuka biyu ne suka fi sabar wa mutanen Kano da wannan na'ura, tarin fuka da karaya, musamman bayan an buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a 1959, domin aikin wannan asibiti ba ya yiwuwa sai an ga ƙashin.

A nan ne aka kafa ƙa'idar da har yanzu take aiki, wato a ambaci hoto sannan a bi shi da sashen jikin da aka duba: hoton ƙirji, hoton ƙafa, hoton ƙugu, hoton haƙori. Sunayen Turai na waɗannan na'urori suna bayyana yadda na'urar ke aiki ne, irin hasken ko sautin da take amfani da shi, amma sunayen Hausa suna bayyana inda ciwon yake, wanda shi ne abin da ya dami majinyaci da wanda ya rako shi. Ba ƙaramar basira ke cikin wannan zaɓi ba, domin ya sa tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta iya faɗa wa likita irin binciken da aka yi mata a wani asibiti ba tare da ta san ko da harafi ɗaya na takardar ba. Har kalmomin mai ɗaukar hoto na kasuwa suka biyo, ana cewa an ɗauki hoto, an wanke shi, ya fito ko bai fito ba, kuma a wancan zamani magana ce ta zahiri, tun da fim ɗin sai an shiga da shi ɗaki mai duhu an tsoma shi a ruwan magunguna an shanya. Muddin na'urar ɗaya ce tak, kalmar hoto ba ta da wata matsala.

Na'ura ta biyu da ta shigo ita ce ta fi kowacce shiga gidajen mutane, domin ta mata masu juna biyu ce. Likitan mata Ian Donald na birnin Glasgow ne ya wallafa a 1958 sakamakon da ya nuna cewa za a iya duba cikin mace da sauti maimakon haske. Sautin yana da siririn amo da ya wuce jin ɗan Adam, domin kunne ba ya kama abin da ya haura girgiza 20,000 a daƙiƙa, alhali kan na'urar da ake ɗorawa a ciki yana fitar da wajen girgiza miliyan 3 zuwa 5. Sautin yana shiga jiki da gudun kusan mita 1,540 a daƙiƙa, ya bugi iyakar gaɓoɓi ya dawo a matsayin amsa-kuwwa, na'urar kuma ta lissafa nisan kowane abu daga lokacin da amsar ta ɗauka, ta zana shi a allo. Man nan mai sanyi da ake shafawa a fata ba magani ba ne, aikinsa kawai kore iskar da ke tsakanin fata da kan na'urar, domin iska tana tare sautin. Cikar mafitsara da ake nema kafin a duba mara ita ma saboda ruwa yana ba sautin hanya ne. A Kano wannan bincike ya samu sunaye biyu, hoton ciki da kuma sikanin, kuma na biyun ne ya fi yawa a bakin matan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a yau. Ya tarar da wata tsohuwar kalma tana jiransa, domin tun zamanin da unguwarzomar asibiti ke auna nauyin mace da tsayin cikinta da tef ake kiran zuwa asibitin masu ciki zuwa awo, har ta kai idan an ce mace ta fara awo kowa ya san abin da ake nufi.

Sai dai sikanin ya zo da lissafin da ya saɓa wa na gida. Bahaushiya tana ƙirga cikinta da wata, tana kuma ƙirgawa daga lokacin da ta yi ɓatan wata, amma asibiti yana ƙirgawa da mako, daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe, ya cika mako 40 ko kwana 280. Na'urar tana auna faɗin kan ɗan tayi da kewayen cikinsa da tsawon ƙashin cinyarsa, ta kwatanta da jadawalin da aka sa mata, sannan ta ba da makonnin cikin da ranar da ake sa ran haihuwa, wadda takarda ke rubutawa da haruffa uku, EDD. Haruffan nan sun shiga Hausar mata kai tsaye, ana cewa EDD ɗinta ya cika ko ya wuce, amma harafin farko, wanda ke nufin ƙiyasi ne kawai, ya ɓace a hanya. Awon da aka yi a watanni ukun farko kuskurensa bai cika wuce mako ɗaya ba, wanda aka yi a watannin ƙarshe kuwa yana iya kaucewa da mako uku gaba ko baya, kuma da yake mata da yawa ba sa fara awo sai ciki ya tsufa, ranar da suke riƙewa a matsayin tabbas ita ce mafi rauni a duk takardar. Damuwa mai yawa, da zargin cewa na'ura ta yi ƙarya, daga wannan giɓi suke fitowa.

Akwai kuma wata tsohuwar fahimta da sikanin ya ci karo da ita, wato kwantaccen ciki. An daɗe ana ɗauka a ƙasar Hausa cewa ciki yana iya kwanciya ya daina girma na watanni ko shekaru sannan ya tashi, kuma mashahuran maganganun malaman mazhabar Malikiyya sun kai iyakar zaman ciki zuwa shekara huɗu ko biyar, hukuncin da ya kare mutuncin mata da nasabar 'ya'ya masu yawa a gaban alƙalai. Lokacin da macen da ke ɗauke da wannan yaƙini ta kwanta a gaban na'ura, abin da allo ke nunawa yakan zama ɗaya daga cikin abubuwa kaɗan: mahaifa babu komai a cikinta, ko ƙarin da ya tsiro a jikin mahaifa ya kumbura ciki, ko ɗan tayin da zuciyarsa ta daina bugawa amma bai fita ba. Na ƙarshen yana buƙatar kulawa ba tare da jinkiri ba, kuma idan ma'aikaci, don tausayi, ya ce da ita cikin ya kwanta, to ya faɗi abin da ita za ta fahimta a matsayin umarnin ta koma gida ta jira. Wannan yana cikin wuraren da zaɓen kalma ke da nauyin rai, kuma ƙwararrun ma'aikata sun koyi su ce a fili babu bugun zuciya, ko da maganar ta fi ɗaci.

Daga shekarun 1970 na'urori suka ƙaru a duniya, kalmar hoto kuma ta fara ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta. Injiniya Godfrey Hounsfield na kamfanin EMI a Ingila ya ƙera na'urar CT, wadda aka fara duba majinyaci da ita a Landan a 1971, ta kuma iso Najeriya a 1987 a Asibitin Koyarwa na Ibadan. Hasken eksire ne dai take amfani da shi, amma bututun da ke fitar da shi yana kewaya jiki, kwamfuta kuma tana haɗa abin da aka samu ta kowace kusurwa ta fitar da jikin yanki-yanki, tana bai wa kowane ɗigo lamba a ma'aunin da aka sa wa sunan Hounsfield, inda ruwa yake 0, iska kuma 1,000 ƙasa da sifili. Da wannan lamba ake rarrabe sabon jinin da ya zuba a ƙwaƙwalwa da toshewar hanyar jini, cututtuka biyu da Hausa ke kira da suna ɗaya, shanyewar ɓarin jiki, alhali maganin ɗaya yana iya halaka mai ɗayan. Na'urar MRI, wadda aikin Paul Lauterbur da Peter Mansfield ya haifar, ba ta amfani da eksire sam, maganaɗisu ne mai ƙarfi da igiyar rediyo suke motsa sinadarin haidurojin da ke cikin ruwan jiki. Ana auna ƙarfin maganaɗisun da ma'aunin tesla, kuma na'ura mai tesla 1.5 ta ninka maganaɗisun ƙasa kusan sau 30,000. Su kansu Turawa sun gyara sunanta, domin asalinsa yana ɗauke da kalmar nukiliya, aka cire ta a farkon shekarun 1980 saboda tana firgita majinyata, abin da ke nuna cewa ko a inda aka ƙera na'ura ana sassaƙa suna ne da la'akari da kunnen mara lafiya.

A bakin mutanen Kano duka biyun sukan zama hoton ƙwaƙwalwa, ko hoton kai, ko babban hoto, ko kuma a siffanta su da cewa wanda ake shigar da mutum ciki. Ga mai neman hanyar ɗakin wannan ya wadatar, amma ga lafiyarsa bai wadatar ba, domin bambancin da kalmar ta haɗiye shi ne ainihin abin da ya kamata ya sani. Ana auna yawan hasken da jiki ya sha da ma'aunin milisibat, kuma hoton ƙirji na eksire bai wuce 0.1 ba, CT na kai wajen 2 ne, na ƙirji kuma yana kai wa wajen 7, alhali abin da mutum ke sha daga ƙasa da sararin sama a shekara guda, a matsakaicin lissafin duniya, 2.4 ne. Sikanin da MRI ba su da ko kaɗan na wannan haske. Saboda haka mace mai ciki da ke gudun sikanin don ta ji an ce hoto yana cutar da ɗa tana gudun abin da ba ya cutarwa, wadda kuma ta shiga CT ba ta faɗi cewa ta yi ɓatan wata ba ta ɓoye abin da ya wajaba a sani. Haɗarin MRI kuwa na ƙarfe ne, daga makulli da 'yan kunne har zuwa na'urar da ake dasa wa masu ciwon zuciya. Har yau Hausa ba ta tsayar da kalma ɗaya ga wannan haske mai ratsa jiki ba, wani ya ce haske, wani ya ce tururi, wani ya ce zafin na'ura, duk da cewa Najeriya tana da hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti tun 1987, da dokar kula da sinadaran nukiliya ta 1995, kuma kowane majinyaci yana ganin rigar darma da ma'aikaci ke sawa da ƙofar ɗakin mai nauyi ba tare da an ba shi sunan abin da ake karewa ba.

Majinyatan da ke zuwa daga Jamhuriyar Nijar suna ƙara wani ruɗani a kan wannan, domin Hausarsu ta asibiti daga Faransanci ta aro. Abin da Kano ke kira eksire su radiyo suke ce masa, hoton ciki na sauti kuma eko, kalmar sikana kuwa a asibitocin Maraɗi da Damagaram na'urar CT take nufi. Ke nan mutumin Maraɗi da ya ce an yi masa sikana da matar Tarauni da ta ce an yi mata sikanin ba bincike ɗaya suke nufi ba, ko da yake kalmomin daga tushe ɗaya suke.

Ɓangaren awo shi ne ya fi saurin sauyawa a shekarun baya-bayan nan, saboda na'urorinsa sun ƙanƙance sun yi araha, sun fita daga asibiti sun shiga kantin magani da ɗakin kwana. Ma'aunin hawan jini na hannu ya samo asali ne daga likitan Italiya Riva-Rocci a 1896, sannan Korotkoff na Rasha ya ƙara masa hanyar saurare a 1905, kuma lambarsa tsayin da zaiba ta hau ne a cikin bututun gilashi, a lissafin milimita. Na'urar zamani mai batir ba ta da zaiba ko ɗigo, motsin iskar da ke cikin maɗaurin hannu take karantawa, amma har yanzu da milimitar zaiba take ba da amsa, domin duk ilimin da aka tara a kan cutar da wannan ma'auni aka tara shi. Lamba ta sama ƙarfin jini ce lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki, kuma daga 140 bisa 90 zuwa sama ake kiran hawan jini idan awon ya maimaitu. Sunan hawan jini yana cikin mafi nasarar ƙirƙirar da Hausar asibiti ta yi, amma kishiyarsa ta zo da rikici, domin jininsa ya yi ƙasa yana iya nufin ƙarfin bugun jinin ya sauka, yana kuma iya nufin ƙarancin jini, wanda ake aunawa da kason jajayen ƙwayoyi cikin ɗari, takarda ta rubuta shi PCV, a kuma magance shi idan ya tsananta da ƙarin jini da ake ƙirgawa leda-leda. Akwai masu hawan jini da ke da ƙarancin jini a lokaci ɗaya, musamman masu ciwon ƙoda, waɗanda Asibitin Malam ya zama matattararsu tun da ya fara dashen ƙoda a 2002, kuma bayyana wa irin wannan majinyaci cewa jininsa ya hau kuma ya yi ƙasa aiki ne da ke buƙatar jimla cikakkiya maimakon kalma.

Awon sukari ya fi wannan haɗari, saboda ma'auni biyu ne ke yawo a gari ɗaya. Ɗakunan gwajin manyan asibitoci sukan ba da sakamako da milimol a lita, ƙananan na'urorin hannu da yawa kuma da miligiram a desilita suke nunawa, kuma tsakaninsu ninki 18 ne, ta yadda iyakar da ake gane ciwon sukari da ita kafin a karya kumallo take 7.0 a ma'auni na farko, 126 a na biyu. Takardar Nijar kuma za ta rubuta wannan adadi 1.26, da giram a lita, kamar yadda za ta rubuta hawan jini 12 bisa 8 a inda Kano ke cewa 120 bisa 80. Babu mai sayen hatsi da zai yarda a ce masa an auna masa goma ba tare da an faɗa masa mudu ne ko tiya ba, amma a Hausar asibiti lamba tsirara ake faɗa, a ce sukarinsa ya kai 15 ko ya sauka zuwa 90, ba tare da sunan ma'aunin ba, alhali 15 a ma'auni ɗaya hauhawa ce mai tsanani, a ɗayan kuma faɗuwa ce da ke kai wa ga suma. Haka ma'aunin zafi yake, inda 37 a ma'aunin Salsiyos take daidai da 98.6 a na Faranhait, kuma na'urorin da ake haska wa goshi, waɗanda suka yaɗu lokacin Ebola a 2014 da korona a 2020, suna iya nuna kowanne gwargwadon yadda aka saita su. Annobar korona ce kuma ta sanar da jama'a ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin a jini, ƙirar injiniyan Japan Takuo Aoyagi a shekarun 1970, wadda ke nuna lambobi biyu, kason iska da bugun zuciya, har mutane kan ɗauki ɗaya a matsayin ɗayar. Wani bincike na Jami'ar Michigan da aka wallafa a ƙarshen 2020 ya nuna cewa na'urar ta fi yawan ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata, kusan ninki uku na yadda take yi ga farar fata, kuma wannan bayani ne da ya shafi kusan duk wanda zai sa yatsarsa a cikinta a Kano.

An yi ƙoƙarin tsara kalmomin fannoni a Hausa tun da daɗewa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara sunayen sassan jiki da cututtuka masu yawa, Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta yi aiki a kan kalmomin aro, Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero ta shirya tarurrukan fassara ta kuma fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Sai dai ƙarfin waɗannan ayyuka ya fi karkata ga harshe da adabi da mulki, na'urorin asibiti kuma sun riga su gudu. Waɗanda suka yi aikin a zahiri su ne ma'aikatan jinya da masu ɗaukar hoto da ke fassara wa majinyata a tsaye, da likitocin da ke amsa tambayoyi a gidajen rediyo, daga sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 zuwa tashoshi masu zaman kansu da suka yawaita a Kano bayan buɗe Freedom Radio a 2003. Su ne suka raba awon zuciya, wato zanen lantarkin zuciya a takarda da Willem Einthoven ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20, da hoton zuciya, wanda sikanin ne na ɗakunanta da ƙofofinta, kuma rabon ya zauna daram domin ya bi tsohuwar ƙa'idar hoto da awo.

Inda aikin ya rage shi ne kalmomin sakamako. Jijiya a Hausa ta haɗa hanyar da ke kai jini da wadda ke dawo da shi da wadda ke ɗaukar saƙon ji da motsi da kuma igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, don haka idan MRI ya nuna faifan ƙashin baya ya danne jijiyar laka, majinyaci yakan tafi da fahimtar cewa jini ne ya toshe masa. Ƙari kuma ya haɗa jakar ruwa marar illa a ƙoda, da tsiron mahaifa da mata da yawa ke rayuwa da shi lafiya, da ciwon daji, alhali na'urar hoto sau da yawa ba ta iya yanke hukunci tsakaninsu sai an ɗebi tsoka an duba. Ɗaliban sashen ɗaukar hoton asibiti na Jami'ar Bayero, waɗanda ke samun horonsu a wannan asibiti na titin Zariya, da Ingilishi suke karatu da jarrabawa, Hausar aikin kuma a bakin na gaba da su suke tsintar ta. A halin yanzu fim yana ba da wuri ga faifan kwamfuta, sakamako kuma yana isa wayar majinyaci kafin ya koma wurin likitan da ya tura shi, daga nan a aika shi ta WhatsApp ga wani ɗan'uwa mai ilimin boko a Abuja ko Jidda, wanda shi zai fara mayar da takardar zuwa Hausa, yawanci ba tare da ya taɓa ganin na'urar da ta fitar da ita ba.